Yarinyata tana cin farce har sai ya yi jini

Maman Hanifa, Gwammaja:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara damuna sosai. Hanifa shekararta 7, tana aji 2 na firamare. Tun wajen babbar sallah na lura tana cin farce, na ɗauka abin yara ne zai wuce. Jiya da daddare ina shafa mata mai na kama hannunta na haska fitilar waya, wallahi sai da gabana ya faɗi. Hannun dama babu yatsa ɗaya mai farcen kirki, duk ta gwaigwaye har ta kai nama, gefen babban yatsan ya yi ja ya kumbura, in na taɓa sai ta janye. Na yi faɗa, na yi lallashi, na buge hannun ban san adadi ba. Kakarta ta ce a shafa mata barkono, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya taimaka min.

Hajiya Talatu, Yakasai:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ta lafiya. Mu da muka yi goyo a da, maɗaci muke jiƙawa ko a dandaƙa ganyen darbejiya a shafa a yatsun. Da shi muke yaye, da shi muke raba yaro da tsotson hannu. Amma barkono kam a'a, ki ba kakar tata haƙuri.

Abban Sadiq, Hotoro:
Hajiya ki gafarce ni, amma ni ina ganin mun cika lallaɓa yaran yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sadiq ya taɓa fara wannan, sau biyu na zane shi, bai sake ba. Mu ma haka aka yi mana.

Sista Rabi, Tarauni:
Maman Hanifa, kafin a shiga maganar duka ko ɗaci, fara da yatsan nan da ya kumbura. In yaro ya ciji fatar gefen farce, ƙwayoyin cutar da ke baki da na kan fata suna samun ƙofa su shiga, shi ne wurin yake ja, ya yi zafi, daga baya ya tara mugunya. Ki sa ruwan ɗumi mai tsabta da ɗan gishiri a kofi, ta tsoma yatsan kamar minti 15, sau 3 ko 4 a rana, ki tsane shi ki rufe da filasta. In kin ga ya yi fari ya nuna, ko jan yana hawa sama, ko zazzaɓi ya shigo, kar ki tsaga da allura ko reza a gida, kar kuma ki sayi kafso a kemis ki barbaɗa. Ki kai ta asibitin unguwa, ko asibitin yara na Hasiya Bayero, ko Murtala, su duba.

Barkono kuwa, don girman Allah kar a yi. Hannun da aka shafa wa barkono shi ne zai murza ido nan da minti 5. Na ga yaron da aka kawo haka, idanu sun kumbura, uwar tana kuka fiye da shi. Ga shi kuma fatar Hanifa a buɗe take.

Maman Hanifa, Gwammaja:
Na gode Sista. Yanzu zan ɗora ruwan. Mugunya dai ban gani ba tukuna.

Bashir, Fagge:
Abban Sadiq, ka yi haƙuri yayana, zan ba ka labarin kaina. Shekarata 34, ina da 'ya'ya 3, kuma har yau ina cin farce. Dukan da na sha a kan wannan abu, ba na jin akwai wanda ya sha irinsa a gidanmu. A gida mahaifiyata tana buge min hannu da muciya, a makaranta a sa ni in haɗa yatsu sama a sauke min rula a kai. Abin da dukan ya koya min shi ne ɓoyewa. Na daina ci a gabansu, na koma ci a banɗaki da cikin bargo. Yanzu haka in ina lissafi a shago da yamma, kuɗi suka ƙi cika, sai dai in ji zafi in duba in ga jini, ban ma san lokacin da hannun ya je baki ba. Ranar ɗaurin aurena hannuna a cikin babbar riga ya wuni, kunya nake ji in miƙa wa mutane. Ba na zargin iyayena, abin da suka sani ke nan. Amma ni ba zan daki ɗana a kan wannan ba. Wanda bai san yana yin abu ba, me duka zai gyara masa?

Abban Sadiq, Hotoro:
Bashir na ji ka, kuma Allah ya yaye maka. Amma nawa ya daina, wannan ma shaida ce.

Bashir, Fagge:
Allah ya sa ya daina ɗin ne. Ka dai kama hannunsa yau ka duba.

Malama Zainab, Dorayi:
Shekara 11 ina koyar da 'yan aji 1 zuwa 3, babu ajin da na riƙe babu mai cin farce a ciki. Abin da na lura, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ci don zaman banza, misali in malami bai shigo ba, ko yana kallon talabijin. Akwai mai ci in hankalinsa ya tattaru kan abu, yana lissafi hannun hagu yana baki. Sai kuma mai ci don tsoro. Wannan na ukun za ki gane shi da an ce a fito karatu ɗaya bayan ɗaya: layi yana matsowa kusa da shi, cizon yana ƙaruwa. Maman Hanifa, ki yi kwana 3 ba ki ce mata komai ba, ki zuba ido kawai. Da wane lokaci take yi? Da safe kafin makaranta? Lokacin hadda? In baƙi sun zo? In an yi faɗa a gida? Ki rubuta ma in da hali. Sannan ki tambayi kanki me ya canza a gidan wajen lokacin da ta fara.

Maman Hanifa, Gwammaja:
Malama, abin da ya canza shi ne na haihu. Sati biyu kafin sallah na samu ƙaninta. Na yi wankan jego a gida, hankalina duk yana kan jariri.

Hajiya Talatu, Yakasai:
To ai ga ta nan. Yaro in aka yi masa ƙani, ko ya yi shekara 7, sai ya nuna a wani wuri. Wani fitsarin kwance ya dawo masa, wani rigima, wani wannan. Ki riƙa janyo ta jiki 'yata. In kina shayarwa ki zaunar da ita gefenki, ki ce ta riƙe miki zanen goyo.

Maman Amira, Rijiyar Zaki:
Ni lalle ne ya taimake ni. Amira tana da shekara 6 ta fara. Na kwaɓa lallen gargajiya, na gida, na sa mata a farce da kan yatsu ranar Alhamis da daddare, na ɗaura mata leda. Da safe ya kama ja jawur, ta wuni tana nuna wa mutane. Na ce mata in ta cinye farcen, lallen zai tafi da shi. Daga nan ita da kanta take tsare hannun. Wani abin da ya yi daɗi, da farcen ya fara tsiro sai ka ga farin layi a gindi yana turo jan sama, ita da kanta take aunawa duk sati tana cewa Umma duba ya ƙaru. Mun yi wata 3 muna sabuntawa. Ba ta daina rana ɗaya ba, amma ta daina.

Sista Rabi, Tarauni:
Dabara ce mai kyau, sai dai a jira fatar ta warke tukuna. Kuma jan lalle na gaske, ba baƙin nan da ake haɗawa da dayis ba. Baƙin yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, na rinin gashi, yana tayar wa wasu fata har ta yi bororo, balle ga yarinyar da hannu ke zuwa baki. Ƙarin bayani ga masu jarirai: akwai yaran da ake haifa da rauni a jini da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, ya fi yawa a maza kuma akwai shi sosai a ƙasar nan. Irin waɗannan, lalle a jikinsu suna jarirai yana iya fasa musu jini. Don haka ƙanin Hanifa kar a sa masa.

Farce yana tsiro kamar milimita 3 a wata, sabo ya maye tsoho gaba ɗaya cikin wata 4 zuwa 6. Na faɗi haka ne don kar uwa ta karaya in sati biyu ya wuce ba ta ga wani abin kirki ba.

Anti Ummi, Sabon Gari:
Ina aiki a kantin magani. Akwai wani ruwa mai ɗaci da ake shafawa kamar jan farce amma ba shi da launi, wanda aka fi tambaya shi ne Mavala Stop. Sinadarin cikinsa denatonium ne, yana daga cikin abubuwa mafi ɗaci da aka sani, a Sikotilan aka gano shi a 1958. Ba a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 3, ba a sa wa a kan rauni. Gaskiyar da zan faɗa muku a matsayin mai sayarwa: yana da tsada, kuma mu da muke cin tuwo da hannu ɗacin yana bin loma. Wata ta dawo ta ce min yaron ya daina cin abinci, bai daina cin farce ba. Yana aiki ne ga yaron da shi ma yake so ya daina, ɗacin ya zama mai tuna masa. In an sa masa ne a matsayin horo, sai ya kankare ko ya saba.

Malam Auwal, Kurna:
Assalamu alaikum. In ƙara wani ɓangare. Yanke farce yana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim. A Sahihu Muslim kuma Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa an iyakance musu kada su bar shi fiye da dare 40. To in uwa ko uba suka mayar da yankan farce al'adar gida, a ce duk Juma'a kafin wanka, an yi sunna kuma an rage wa yaro abin da haƙori zai kama.

Game da maganin da Anti Ummi ta kawo, a lura da alwala. Duk abin da ya bushe ya yi ɓawo a kan farce yana hana ruwa taɓa shi, lalle kuwa launi ne kawai, ba ya hanawa. Hanifa ta kai shekarun da ake koya mata salla, gara ta saba da alwala ingantacciya. Ni zan fi karkata ga lalle ko ɗacin da ruwa ke wankewa.

Abban Sadiq, Hotoro:
Malam, ai addinin ma bai hana ladabtarwa ba.

Malam Auwal, Kurna:
Bai hana ba Alhaji. Amma ka duba, salla da kanta, a hadisin Abu Dawuda, umarni ake yi a shekara 7, ba a ambaci duka ba sai a 10. Shekara 3 ana tunatarwa a kan abin da ya fi komai girma. Ina ga farce?

Nura, Kabuga:
Na karanta ilimin halayyar ɗan Adam, bari in sa baki. Akwai wata hanya da wasu masana biyu a Amurka, Azrin da Nunn, suka fitar a 1973, har yau ita ake koyarwa a kan cin farce da tsigar gashi da makamantansu. Ba wani abu mai wuya ba ne. Da farko a taimaki yaron ya riƙa gane lokacin da hannu ya tashi zuwa baki, domin kamar yadda Yaya Bashir ya faɗa, yawanci bai sani ba. Ki zauna da ita ku yi yarjejeniya a kan wata alama ta sirri, misali ki taɓa kunnenki ko ki kira wani suna da ku biyu kawai kuka sani, maimakon "cire hannunki a baki!" a gaban mutane. Na biyu, a ba hannun wani aikin da ba zai yiwu a haɗa shi da cizo ba: ta dunƙule hannu ta ƙirga a zuci kamar minti 1, ko ta riƙe carbi, ko ƙwallon roba, ko ta zauna kan tafin hannunta. Na uku, a yaba mata duk lokacin da ta kama kanta. Yabon ya fi faɗan yawa.

Wata dabara kuma, kar a ce duk goma lokaci ɗaya. Ku zaɓi yatsa ɗaya, a ce wannan an ba shi hutu, ba a taɓa shi. In ya tsiro ta gani da idonta, a ƙara na biyu.

In kuma abin ya haɗu da tsigar gashi, ko rashin barci, ko yawan firgita, ko ƙin zuwa makaranta, to ya wuce ɗabi'a kawai, a ga likitan yara. A asibitin Malam Aminu Kano akwai sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba ya nufin yaro ya taɓu.

Bashir, Fagge:
Malam Nura, wannan ta carbin ni ma zan gwada.

Maman Khalil, Sharaɗa:
Ni tambayata tsutsar ciki. Ana cewa cin farce ne ke kawo ta, gaskiya ne?

Sista Rabi, Tarauni:
Ba farcen ne ke zama tsutsa ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Akwai wasu ƙanana farare kamar zare, da daddare suke fitowa su yi ƙwai a bakin dubura, yaro ya ji ƙaiƙayi ya sosa, ƙwan ya maƙale a farce, da safe farcen ya koma baki, haka abin yake ta zagayawa. Manyan kuma ƙwansu yana cikin ƙasar da bahaya ya taɓa, yaro ya yi wasa a ƙasa ya ci. In yaro yana sosa baya da daddare yana juye-juye, a gaya wa ma'aikacin lafiya. Albendazole ko mebendazole ake bayarwa, ga masu kama da zaren nan akan maimaita bayan sati 2, a ba duk 'yan gida, a wanke zannuwan gado. Wanke hannu da sabulu kafin abinci da bayan banɗaki ya zama dole.

Tunda hunturu ya kusa, ku riƙa shafa musu man kaɗanya ko basilin a gefen farce. In fata ta bushe ta tsage, ɗan zaren fatar nan da ke tashi shi yaro yake fara ja da haƙori, daga nan a koma farce.

Abban Sadiq, Hotoro:
Mu dai mai yankan farce muke tsayarwa a ƙofar gida ranar Juma'a ya yanke wa kowa.

Sista Rabi, Tarauni:
Alhaji, almakashi ɗaya ne ya zaga da shi unguwa guda. In ya ɗan yanki wani ya zo ya yanki yaro, ciwon hanta nau'in B yana bin jini ko da kaɗan ne. Ka sayi naka abin yankan ka ajiye, in ya zo ka miƙa masa ya yi da shi. Shi bai rasa sana'arsa ba, kai ma ka huta.

Maman Hanifa, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Na dawo bayan kwana 3 kamar yadda Malama Zainab ta ce. Kumburin ya sauka da ruwan gishirin, Alhamdulillah, ban kai ga asibiti ba. Na zuba ido ban yi magana ba. Asabar ta ɗan ci tana kallo. Lahadi da daddare kuwa, bayan na goge mata kayan makaranta, na leƙa na same ta zaune bakin katifa tana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya da haƙori, tana ɗagawa tana dubawa a haske, kamar mai aikin da aka sa ta. Na zauna kusa da ita na ce Hanifa me kike yi? Ta ce gobe Litinin, ana duba farce. Na ce ai ba ki da farcen ma. Sai ta fashe da kuka. Wai lokacin da na haihu, sati biyu ban yanke mata ba, aka fito da ita gaban asambuli aka buga mata rula a yatsu, aka ce ƙazama, 'yan ajinsu suka yi ta kiranta haka. Ta zo ta gaya min ta tarar ina wanka, gida cike da 'yan barka, sai ta fasa. Tun daga ranar take cinyewa da kanta don kar a sake fito da ita.

Wallahi ban san lokacin da na rungume ta ba. Wata huɗu ina dukan hannun nan.

Hajiya Talatu, Yakasai:
Allah sarki. Kar ki ɗora wa kanki 'yata, mai jego ba ta ganin komai sai jariri. Yanzu da kin sani ai an yi rabin magani.

Malama Zainab, Dorayi:
Wannan ya taɓa ni, domin mu malamai ne muke yin sa. Duba farce ranar Litinin abu ne mai kyau, amma ɗan shekara 7 ba shi ke yanke wa kansa ba. Ni yanzu abin yanka nake ajiyewa a jaka, in na ga mai dogon farce in rubuta wa uwar takarda. Ki je makarantar, ki samu malamar ajin ku biyu, ba a gaban yara ba, ki nuna mata hannun.

Abban Sadiq, Hotoro:
Ni har yanzu ban ce a daina ladabtar da yara ba. Amma wannan an zalunce ta. Bashir, na duba hannun Sadiq. Manyan yatsun biyu a cinye suke. Zan zauna da shi.

Maman Hanifa, Gwammaja:
Sati 3 ke nan yau. Na je makarantar, malamar ta karɓe ni da mutunci, ta ce ba ta san abin ya kai haka ba. Duk Juma'a bayan la'asar nake yanke mata ɗan abin da ya fito in goge bakin ya yi santsi, Lahadi da daddare mu sake dubawa tare don ta kwanta hankali kwance. Alamarmu ita ce in ce "ina carbina?" sai ta sauke hannu ta dunƙule. Yatsu 7 sun fara fitar da farin baki. Manyan biyu da na kusa da na dama har yanzu tana kai musu, musamman in tana hadda. Fatar ta warke, ina so in sa mata lallen ranar Alhamis. Maman Amira, ruwa zalla kika kwaɓa da shi ko kin sa lemon tsami?

Maman Amira, Rijiyar Zaki:
Ruwan ɗumi zalla, lemon tsami zai yi mata zafi in akwai sauran tsaga. Ki tankaɗe garin da kyau, ki kwaɓa tun la'asar ya tsumu, ki sa bayan isha. Ki bar ta ta zaɓi yatsan da za a fara da shi.